Yadda Ake Tsara Cip Ɗin Haƙar Bitcoin Mai Ƙarancin Shan Wuta

Injin haƙar Bitcoin da abu ɗaya ake auna shi: jul nawa na makamashi yake ƙonawa kafin ya fitar da hash tiriliyan ɗaya, abin da ake rubutawa J/TH. Hash shi ne lissafin da injin ke ta maimaitawa yana neman sakamakon da zai ci lada. Antminer S1 na kamfanin Bitmain, wanda ya fito a 2013 da cip mai nanomita 55, yana shan wat 360 ya ba da gigahash 180 a daƙiƙa, wato 2,000 J/TH. S9 na 2016 ya sauko wajen 98. S19 Pro na 2020 yana kan 29.5, S21 kuwa 17.5.

Bari mazaunin Zariya ya mayar da wannan zuwa naira ya gani. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 kowane yunit. Terahash ɗaya a daƙiƙa na tsawon kwana guda yana cin yunit 2.35 a kan S9, kusan naira 530. A kan S21 yunit 0.42 ne, kusan naira 95. Aiki ɗaya, lada ɗaya.

Cip ɗin yau galibi a masana'antun TSMC na Taiwan da Samsung na Koriya ta Kudu ake buga su, kuma babu mai buga na nanomita 5 daga Samaru. Sai dai ƙanƙantar transisto ba ita kaɗai ta kawo wannan ragi ba. Kaso mai tsoka daga tsari ya fito: aikin da aka daina yi, boltejin da aka sauke, da yadda ake kai wa cip wuta. Duk wannan ɗalibin injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Nuhu Bamalli zai iya koyonsa, ya kuma auna shi, a kan kwamfutarsa ta hannu.

Kayan da za ka tanada

Kwamfuta mai Linux. Icarus Verilog ko Verilator don gwajin kwaikwayo, GTKWave don kallon sigina, Yosys don mayar da Verilog, harshen rubuta tsarin da'ira, zuwa ƙofofin lojik, OpenROAD don jera su da ja musu waya, OpenSTA don lissafin lokaci da wuta, sai ngspice. Fasahar masana'anta kuwa ka ɗauki SKY130 ta SkyWater mai nanomita 130, wadda aka saki kyauta a 2020, da ma'ajiyar ƙofofinta sky130_fd_sc_hd. Cip na nanomita 130 ba zai taɓa haƙo abin da zai biya kuɗin wutarsa ba. Amfaninsa shi ne ka gwada tsari biyu a fili ɗaya ka ga wanda ya fi tsimi.

Fara da rage aikin

Kan bulok na Bitcoin, wato bayanin da cip ke yi wa hash, bait 80 ne: lambar siga 4, hash na bulok ɗin baya 32, saiwar Merkle (hash da ya taƙaita cinikayyar bulok) 32, lokaci 4, ma'aunin wahala 4, sai nons 4, lambar da cip ke canjawa a kowane gwaji. Ana bi da shi ta lissafin hash na SHA-256 sau biyu. SHA-256 tana karɓar bayanai yanki-yanki, kowane yanki bait 64, kowanne zagaye 64. Kan bulok yanki biyu ne, hash na biyu yanki ɗaya. Wanda ya rubuta shi kai tsaye zai yi zagaye 192 a kan kowane nons.

Yankin farko babu nons a cikinsa. Manhajar da ke sarrafa injin ta lissafa shi sau ɗaya ta miƙa wa cip sakamakon, bit 256, wanda za mu kira sakamakon rabin hanya. Saura zagaye 128.

A yanki na biyu, kalmomi ukun farko masu bit 32, W0 zuwa W2, su ne wutsiyar saiwar Merkle da lokaci da ma'aunin wahala. Nons shi ne W3. Ke nan zagaye ukun farko ba sa canjawa, a yi su sau ɗaya a wajen inji. W4 kullum 0x80000000 ce, W5 zuwa W14 sifili, W15 kuma 640. Duk inda lissafi ya ce a tara da ɗaya daga cikin sifilin nan, cire da'irar tarawar gaba ɗaya. W16 da W17, na farko cikin kalmomin da ake ƙirƙira daga waɗannan 16, ma ba su dogara da nons ba; daga W18 yake shiga. Hash na biyu haka yake: W8 ita ce 0x80000000, W9 zuwa W14 sifili, W15 kuma 256. Yosys zai share wasu daga cikin waɗannan da kansa idan lambobin a rubuce suke a matsayin tsayayyu, amma ba zai haɗa maka K (tsayayyiyar lambar kowane zagaye) da W tsayayyiya su zama lamba ɗaya ba muddin ka raba su a wurare biyu na tarawa. Haɗa su da hannunka.

Ƙarshen hash na biyu ya fi daɗin yanka. Abin da cip ke nema shi ne ko bit 32 na saman sakamako duk sifili ne, kuma waɗannan suna cikin kalmar ƙarshe, H7, wadda ita ce h (ta ƙarshe cikin kalmomin aiki takwas na SHA-256, a zuwa h) ta bayan zagaye na 64 haɗe da 0x5be0cd19. Ita h ɗin nan ba wata ba ce illa e ta bayan zagaye na 61 da aka yi ta turawa gaba. Saboda haka tsaya a zagaye na 61 ka duba ko e ta zama 0xa41f32e7. Zagaye uku sun tafi, da W61 zuwa W63. Akwai ƙari: e ta 61 tana buƙatar d ta 60, wadda ita ce a ta 57. Daga zagaye na 58 zuwa 61 ɓangaren a, da da'irorinsa na Σ0 da Maj, ba shi da mai amfani da shi. Cire shi. Nons ɗin da ya tsallake wannan gwaji sai cip ya aika wa manhaja ta sake lissafa shi cikakke ta gwada da ainihin wahalar.

Sai dabarar AsicBoost da Timo Hanke ya wallafa a 2016. Sarrafa kowane yanki yana da aiki biyu, faɗaɗa kalmomi 16 su zama 64, da zagayen kansu. Lambar siga tana yankin farko, don haka idan ka canja ta sakamakon rabin hanya ya canja amma yanki na biyu yana nan yadda yake. Da'irar faɗaɗawa ɗaya za ta ciyar da injuna huɗu, kowanne da nasa sakamakon rabin hanya. Ragin da aka ƙiyasta ya kai kusan kashi 20 cikin 100. Takardar ƙa'idar Bitcoin BIP 320 ta ware bit 16 na lambar siga don wannan, daga bit na 13 zuwa na 28. Amfaninsa na biyu: nons bit 32 ne kawai, kusan biliyan 4.29, kuma cip mai gigahash 500 zai cinye su cikin milisakan 8.6. Da juya lambar siga sau 65,536, aiki ɗaya zai riƙe shi sama da minti tara, ba sai layin sadarwa ya yi ta kai-komo ba.

Kafin ka wuce nan, gwada da bulok na farko, na 3 ga Janairun 2009: lokaci 1231006505, ma'aunin wahala 0x1d00ffff, nons 2083236893. Hash ɗin yana farawa da 000000000019d668. Idan injinka bai kama wannan nons ba, kusan kullum jerin bait ne ya juye, domin kan bulok ƙaramin bait yake sawa gaba, SHA-256 kuwa babba take karantawa da farko.

Jera zagayen

Ana shimfiɗa zagayen ne a jere, kowanne da da'irarsa, yadda leburori ke tsayawa a layi ranar zuba dakin suna miƙa kwanon kankare hannu da hannu: kowane bugun agogo nons ɗaya ya shiga, hash ɗaya ya fito. Wannan ya fi inji mai zagaye ɗaya da ke maimaita kansa sau 64 tsimi, domin babu da'irar zaɓi, babu ma'ajiyar K, kowace K an ɗinke ta cikin wayar zagayenta.

Kuɗinsa ma'ajiya ce. Kowane mataki yana riƙe bit 256 na a zuwa h da bit 512 na kalmomi 16, jimla 768. Sau 128 ya zama filif-filof (ma'ajiyar bit ɗaya) 98,304 idan ba a rage komai ba, kuma kowanne yana shan wuta a duk bugun agogo ko bayanansa sun canja ko ba su canja ba. A cikin kalmomi takwas ɗin nan biyu kaɗai ake lissafawa sabo, a da e. Shidan kwafe su ake yi. A nan mafi yawan wutar banza take. Filif-filof sakata biyu ne a haɗe, don haka masu tsara cip ɗin haƙa kan koma sakata ɗaya-ɗaya da agogo mai fuska biyu ko uku da ba sa hawa kan juna. Intel ta bi hanyar sakata a cip ɗinta Bonanza Mine da ta gabatar a taron ISSCC na 2022. Fara da filif-filof tukuna ka sami ma'aunin kwatance, domin lissafin lokacin sakata ya fi wuya.

Abin da ke lalacewa a nan: hanyar a zuwa b, ko e zuwa f, babu ƙofa ko ɗaya a tsakani. Idan agogo ya isa mataki na gaba a makare ko da kaɗan ne, sabon bayani ya riga shi shiga ya take tsohon. OpenROAD zai gyara wannan ta cusa dubban ƙofofin jinkiri, kowacce da cikinta. Ka ƙirga su a rahoton bayan an gina bishiyar agogo. Maganin da ya fi arha shi ne agogo ya shigo daga ƙarshen layi ya nufi farko, kishiyar hanyar bayanai.

Kashe agogon sashen da ba ya aiki, dabarar da ke ceton batirin wayar hannu, ba ta da wani amfani a nan. Babu sashen da ke hutawa.

Tarawa da kyarmar sigina

Zagaye ɗaya shi ne T1 = h + Σ1(e) + Ch(e,f,g) + K + W, sabuwar e = d + T1, sabuwar a = T1 + Σ0(a) + Maj(a,b,c). Idan ka rubuta alamar tarawa sau bakwai ka bar wa Yosys, za ka sami da'irorin tarawa a jere, kowacce tana jiran abin ɗauka gaba ya ratsa bit 32.

Yi abu biyu. Na ɗaya, h ta wannan zagaye ita ce g ta wanda ya gabata, don haka h + K + W ana iya tara su tun a matakin baya, har da d a ɓangaren e. Na biyu, matse lambobi uku su koma biyu da jerin cikakkun masu tarawa waɗanda ba sa miƙa wa juna abin ɗauka gaba, ka maimaita har lambobi biyu su rage, sannan ka sa mai tarawa na gaske guda ɗaya a ƙarshe, ɗaya na a, ɗaya na e.

Wane iri za a sa a ƙarshen? Kogge-Stone ya fi sauri, amma wayoyinsa da yawa, kuma kowace waya kafasita ce da ake cikawa ana zubarwa. Mai miƙawa bit bayan bit ya fi ƙanƙanta, sai dai yana da jinkiri da kyarma. Kada ka zaɓa da ka. Gina uku, har da Brent-Kung a tsakiya, ka auna.

Kyarma ita ce sigina ta hau ta sauka sau biyu ko uku kafin ta tsaya, saboda abubuwan da ke shiga ƙofa ba su iso tare ba. Bayanan hash tamkar na caca suke, kowane bit yana da rabin damar juyawa a duk bugu, kuma ƙofar XOR ba ta tare komai, duk abin da ya motsa a bakinta sai ya fita. Σ0 da Σ1 XOR ne zalla. Saboda haka siginar da ta fi makara ita za a sa a matakin matsewa na ƙarshe, waɗanda suka iso da wuri a haɗa su da juna.

Gwajin kwaikwayo marar jinkirin ƙofa ba ya ganin kyarma ko kaɗan. Haka kuma report_power na OpenSTA, idan ba ka ba shi fayil ɗin VCD na ainihin motsin sigina ba, ƙiyasin gama-gari zai yi, wanda ya yi wa SHA-256 kaɗan ƙwarai. Hanyar da ta dace da ƙaramar kwamfuta: ɗauki zagaye ɗaya tak, ka jera shi, ka ciro kafasitans na wayoyinsa, ka kai ngspice da ɗaruruwan lambobin caca, ka tara wutar da ya sha ka raba da yawan bugu. Zagayen duk kusan iri ɗaya ne, ninkawa kawai za ka yi. Cikakken layi ƙofofi ne dubu ɗaruruwa, kwamfuta mai ma'ajiyar gigabait 8 za ta sha wahala da shi, ga kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin awanni.

Sauke bolteji

Wutar juyawa ita ce αCV²f: α yawan juyawar sigina, C kafasitans, V bolteji, f saurin agogo. Raba da f, sai ka ga kuzarin hash ɗaya bai damu da saurin agogo ba, da C da V² ya damu. Daga bolt 0.40 zuwa 0.36 ragin kashi 19 ne. Shi ya sa cip ɗin haƙa ke aiki dab da boltejin da transisto ke buɗewa: S9 wajen bolt 0.4, Bonanza Mine milibolt 355 a kan nanomita 7. Saurin da aka rasa da yawan injuna ake cike shi.

Amma akwai ƙasan rami. Transisto yana yoyon wuta ko a rufe yake, kuma idan agogo ya yi sanyi kowane hash yana daɗewa, yoyon da ke kansa ya ƙaru. Zana jadawalin bolteji da kuzarin hash ɗaya a ngspice, daga 1.8 na SKY130 kana saukowa da 0.1, kowane mataki da mafi saurin agogon da bai yi kuskure ba. Layin zai sauka, ya kwanta, ya fara hawa. Wurin aiki yana ɗan sama da ƙasan, domin silikon ma kuɗi ne.

A ƙaramin bolteji haramta wa Yosys ƙofofi masu transisto huɗu a jere, irin NAND da NOR masu baki huɗu. Su ke fara gazawa. Kuma kada ka bar tazarar kariya irin ta kwamfutar banki. Inji ɗaya cikin ɗari ya mutu, asarar kashi ɗaya ce, kuma nons na ƙarya manhaja za ta watsar. Idan sauke bolteji ya rage wuta da kashi 5 ya jawo kuskure kashi 1, an ci riba. Sharaɗin shi ne hash mai kyau kaɗai za a ƙirga a J/TH.

Kai wuta

S9 yana shan wajen wat 1,320 a kan alluna uku, kowanne da cip 63. Wat 440 a bolt 0.4 amfiya 1,100 ke nan a allo ɗaya. Babu tagullar allo da za ta ɗauka. Sai aka kasa su rukuni 21, cip uku-uku, aka jera rukunan a silsila, ƙasan wannan shi ne saman na gaba. Allon ya karɓi wajen bolt 8.4 da amfiya hamsin da ɗoriya, asarar wuta a tagulla, I²R, ta ragu sau 441. Intel rukuni 25 ta jera, ta shigar da bolt 8.875.

Wannan yana ɗora wa mai tsara cip sharuɗɗa. Dole kowane rukuni ya ja wuta daidai da saura. Wanda agogonsa ya tsaya, boltejinsa zai haura, na maƙwabtansa ya faɗi su fara kuskure. Don haka ko babu aiki a hannu injuna su ci gaba da juyawa. Siginar da ke tsallakawa daga rukuni zuwa rukuni tana buƙatar a daidaita matakinta, tunda ƙasansu ba ɗaya ba ne. Mai gyara da mita a hannu, abin da zai fara aunawa ke nan: boltejin kowane rukuni, ya nemi wanda ya fita daban.

Cikin cip ɗin kuma, faɗuwar milibolt 20 a wayar wuta kashi 5 ne na 0.4. Yi ragar wuta mai kauri a saman ƙarafa, cike guraben da suka rage da kafasita, kuma kada injuna su tashi lokaci guda. PLL, da'irar da ke ninka saurin agogo, ya ɗaga sauri daki-daki daga agogon megahaz 25 na allo.

Zafin Zariya da sanyinta

Fayil ɗin tt_025C_1v80 yana ɗauka cip na zaune a digiri 25. Ba ya zama a nan. A ce cip na wat 15 ne, ƙarfen shan zafinsa da fanka suna barin digiri 2 a kan kowane wat: digiri 30 ke nan sama da iskar ɗaki. Ɗaki mai rufin kwano a Sabon Gari ko Tudun Wada da azahar ɗin Afrilu ya kai 38, cip yana 68. Yoyo yana hawa da zafi, zafi yana hawa da yoyo. Lissafa wuta da tt_100C_1v80 ma, ka sa ma'aunin zafi a cikin cip, manhaja ta rage sauri kafin ta kai ga kashewa.

Hunturu matsala biyu yake kawowa. Ƙura tana toshe haƙoran ƙarfen shan zafi, digiri 2 ɗin nan ya zama 3 ba tare da an lura ba. Ta biyun ba kowa ya san ta ba: a ƙaramin bolteji transisto ya fi nauyin jiki da sanyi, domin boltejin buɗewarsa yana hawa idan zafi ya sauka. Saitin da ya yi lafiya da rana zai iya zubo kurakurai idan wuta ta dawo da asubahin Janairu cip yana sanyi ƙalau. Duba lokaci a kusurwar sanyi mai ƙaramin bolteji, irin ss_n40C_1v28, kuma manhaja ta tashi a hankali har cip ya ɗumama.

Gwaji a kan cip na gaske

Bitaxe ƙaramin allo ne da tsarinsa ke buɗe ga kowa, cip ɗin Bitmain guda ɗaya da ESP32-S3. Samfurin Gamma yana ɗauke da BM1370, yana ba da wajen terahash 1.2 da ƙasa da wat 20 daga fawar bolt 5, abin da batirin sola na gida zai riƙe. Ciyar da shi daga batiri ko inbata, don hawa da saukar wutar layi kada su ɓata awo. Sa mitarka a bakin shigar bolt 5, kada ka dogara da lambar da allon ke nunawa kaɗai.

A manhajarsa AxeOS tsayar da saurin agogo, ka riƙa sauke bolteji da milibolt 10, kana rubuta wat da zafin cip da zafin ɗaki. Ainihin saurin daga sakamakon da tafkin haƙa, wato sabar da masu haƙa ke haɗa ƙarfi a kanta, ya karɓa ake lissafa shi: yawansu sau wahalarsu sau biliyan 4.295, a raba da daƙiƙoƙi. Sa'a tana wasa da wannan lamba. Da guda 1,000 kuskuren awo wajen kashi 3 ne, sai da 10,000 yake sauka kashi 1. Idan bambancin da kake nema tsakanin saiti biyu kashi 2 ne, bar kowanne ya tara dubu goma, kuma ka gwada su a lokaci ɗaya na yini.